MAI DAGA ITACE

Jama'a, a yau babu garin da ba ya bukatar mai. Mai injin ban-ruwa a fadamar Gulbin Rima yana neman fetur. Mai injin niƙa yana neman dizal. Ɗan kabu-kabun da ke kai mutane daga Unguwar Lalle zuwa kasuwar Sabon Birni, shi ma sai da fetur. Wannan mai kuwa daga nesa ya ke zuwa mana, domin a ƙarƙashin ƙasa a ke haƙo shi. A Nijeriya an same shi da yawa a Oloibiri, can wajen bakin teku, a shekara ta 1956. Maƙwabtanmu na Nijar kuma sun buɗe tasu matatar mai kusa da Damagaram a 2011.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce gwamnati ta daina biyan tallafin fetur. Kafin nan lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen naira 500. A 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Duk manomin rani ya ji abin a jikinsa.

To, da ya ke mai ya yi tsada, sai a ke ta jin labari iri iri. Wani labarin shi ne wai a ƙasashen Turai ana yin mai da itace. Wani ya ji ya ce ƙarya ce. Wani kuma ya ce, in haka ne ai mun huta, ga daji nan. Labarin dai gaskiya ne. Amma wanda ya ce mun huta bai yi lissafi ba tukuna. Bari mu bi maganar daki daki, mu ga yadda a ke yin man, da abin da a ke kashewa kafin a same shi, sa'an nan mu duba ko abin zai karɓe mu.

ABIN DA KE CIKIN ITACE

Ɗanyen itace, wajen rabin nauyinsa ruwa ne. Shi ya sa ya ke da nauyin ɗauka, ya ke kuma ƙin kama wuta. In ya bushe, abin da ya rage a jikinsa iri biyu ne manya. Akwai zare-zare, dangin zaren auduga. In kun tauna rake ko takanɗa, shi ne abin da ku ke tofarwa. Akwai kuma wani abu mai kama da danƙo, wanda ya manne zaren nan wuri ɗaya, ya ba itace tauri.

Daga ina itace ya samo waɗannan? Yana shan ruwa ta saiwa, yana shan iska ta ganye, hasken rana kuma yana haɗa masa su su zama jikinsa, da ikon Allah. Watau itace rumbu ne na zafin rana. In ka hura wuta, zafin da ya tara shekara da shekaru shi ne ya ke sako maka. Fetur ma asalinsa haka ne. Masu ilmi sun ce ƙananan halittu ne na cikin teku suka mutu, laka ta binne su, zafi da nauyin ƙasa suka yi ta dafa su shekaru miliyan da yawa har suka zama mai. Miliyan ɗaya, dubu sau dubu ke nan.

Yanzu ku lura da wuta a murhu. Harshen wuta ba a manne ya ke da jikin itace ba, daga sama kaɗan ya ke tashi. Ga dalili. Zafi ne ke farfasa zaren nan da danƙon nan, su fito a hayaƙi. Hayaƙin ne ke kamawa. In ya sami iska da isasshen zafi, sai ya ci wuta. In bai samu ba, sai ya fita haka nan bai ƙone ba. To, a cikin hayaƙin nan da bai ƙone ba man itace ya ke.

Dubi murfin tukunya. Tururi ya kan taɓa murfi mai sanyi, ya koma ruwa, ya ɗiga. Hayaƙin itace ma in ya taɓa abu mai sanyi ya kan koma ruwa, sai dai nasa baƙi ne mai kauri. Ku shiga ɗakin da aka daɗe ana girki a ciki, ku ɗaga kai. Za ku ga rufin ya yi baƙi ƙirin, yana ƙyalli, yana kama hannu. Wannan kunkunniya ce gauraye da man itace wanda ya daskare.

KU GWADA DA KANKU

Wannan abu ne da ajinku zai iya gwadawa a fili, malam yana tsaye. Ku nemi gwangwani mai murfi, irin na madarar gari. Lalle ne ya zama bai taɓa zama da fetur ko kananzir ko maganin ƙwari ba. Ku huda murfin da ƙusa, huda ɗaya. Ku cika gwangwanin da ƙananan ƙirare busassu, ku rufe, ku aza a kan wuta.

Da fari za ku ga farin hayaƙi yana fita ta hudar. Wannan yawancinsa tururi ne, sauran ruwan da ke cikin itacen ke fita. Bayan ɗan lokaci hayaƙin zai yi kauri, ya koma rawaya-rawaya, yana yaji a ido. Ku riƙe kwano mai ruwan sanyi a samansa, hayaƙin yana bugun gindin kwanon. Ku duba gindin. Za ku ga ɗigo ja-ja mai duhu, mai warin hayaƙi. Man itace ke nan. Sa'an nan ku kawar da kwanon, ku kai tsinke mai wuta bakin hudar. Hayaƙin zai kama, ya yi ta ci kamar fitila. In ya mutu don kansa, ku sauke gwangwanin, ku bari ya huce sarai, kana ku buɗe. Ƙirare sun zama gawayi.

Kun ga itace ɗaya ya ba da abu uku: gawayi, da mai, da iska mai cin wuta. Amma ku kiyaye. Kada a toshe hudar, gwangwani zai fashe. Kada a yi gwajin a cikin ɗaki, domin a cikin hayaƙin akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum. Kada kuma kowa ya ɗanɗana ruwan. A cikinsa akwai wani abu mai makantarwa.

RAMIN GAWAYI

Masu yin gawayi a ƙasarmu sun daɗe da sanin rabin wannan ilmi. Su kan jera itace, su rufe da ciyawa da ƙasa, su sa wuta ta gefe guda, su bar 'yan ƙofofi kaɗan don iska. Wuta ta yi ta ci a hankali kwana da kwanaki. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya, don ya fi zafi, ya fi kuma jimrewa a gaban zugazugi.

Amma ku duba asarar da ke ciki. In an sa itace kilo 100 a irin wannan rami, gawayin da a ke kwasa ya kan zama kilo 10 zuwa 20. Wani sashe ya ƙone, wani ya tashi a tururi. Saura duk ya bi iska a hayaƙi, da man da ke cikinsa.

Mutanen waɗansu ƙasashe tun da can sun koyi tare hayaƙin nan. A Finlan da Suwidin sun yi shekaru ɗaruruwa suna dafa itace a rufe, suna tara kwaltar da ke tsiyaya, suna sayarwa ana shafa wa jiragen ruwa na katako don kada su ruɓe. A Maroko ana dafa wani itacen dutse a sami baƙin mai, a shafa wa raƙuma da awaki masu ƙazwa. Larabawa suna kiransa ƙaɗiran. Wanda ya yi karatun allo ya gamu da kalmar a ƙarshen surar Ibrahim. Ashe abin ba sabo ba ne. Abin da ya ke sabo shi ne hanyar samun man da yawa.

YADDA A KE YI A MA'AIKATA

Masu bincike sun gane cewa in an dafa itace a hankali, gawayi ke yawa, mai ya yi kaɗan. In kuwa an dafa shi farat ɗaya, mai ke yawa, gawayi ya yi kaɗan. Kan wannan aka gina ma'aikatun man itace na zamani. Ga yadda aikin ya ke tafiya.

Na farko, a busar da itacen sarai, har ruwan da ya rage a ciki ya zama bai fi kashi 10 cikin 100 ba.

Na biyu, a niƙa shi ya zama tsaki-tsaki, kamar ƙwayar dawa. In guntu ya yi girma, bayansa zai ƙone cikinsa bai ji zafi ba.

Na uku, a zuba shi a wata babbar tukunyar ƙarfe wadda iska ba ta shiga, a gauraya shi da yashi mai zafi. Kun san yadda mata ke suyar gyaɗa a cikin yashi, don zafi ya game ko wace ƙwaya. To, dabarar ɗaya ce. Sai dai zafin yashin ma'aikata ya kai digiri 500 a ma'aunin zafi, alhali ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. Da garin itacen ya taɓa yashin, nan take sai ya koma hayaƙi.

Na huɗu, a janye hayaƙin nan da sauri, cikin sakan biyu, watau kafin ka ƙirga ɗaya, biyu. In ya daɗe a cikin zafi sai ya ƙara farfashewa, ya zama iskar da ba ta komawa ruwa. A hanya a kan juya shi kamar guguwa, garin gawayi ya faɗi ƙasa.

Na biyar, a sanyaya shi farat ɗaya. Sai ya koma mai, ya taru a tanki. Gawayin da iskar da suka rage ba a zubar da su. Su a ke ƙonawa a sake zafafa yashin, yashi ya koma tukunya, aiki ya yi ta zagayawa dare da rana.

Akwai irin wannan ma'aikata a garin Hengelo na ƙasar Holan, sunanta Empyro, ta fara aiki a 2015. An gina ta yadda za ta ci itace tan 5 ko wace awa, ta ba da mai wajen lita miliyan 20 a shekara. Aka riƙa kai man wata ma'aikatar madara a garin Borculo, ana ƙona shi don dafa ruwa a sami tururi. A Suwidin kuma kamfanin Pyrocell ya fara aiki a 2021. An gina shi jikin wata babbar ma'aikatar yanka katako, yana cin garin katakon da ke zuba daga zarto. Man da ya yi, aka riƙa kai shi matatar mai ana haɗa shi kaɗan kaɗan da man ƙasa ana tacewa tare.

HALIN MAN ITACE

Kada ku ji an ce mai ku zaci irin fetur ne. Halinsu ya bambanta ƙwarai.

Man itace ja ne mai duhu, kusan baƙi, yana warin hayaƙi. Ya fi ruwa nauyi, alhali fetur da dizal a saman ruwa su ke tsayawa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu nasa ruwa ne, ruwan kuwa ba ya kwanta a tsiyaye shi. In ka ce za ka tafasa man ruwan ya fita, sai ya yi kauri ya daskare. Yana da tsami kamar ruwan lemun tsami, har yana cin ƙarfe. Saboda haka a tankin roba a ke ajiye shi, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ba ya gauraya da fetur, ba ya gauraya da dizal. In ya yi watanni a ajiye, balle a wuri mai zafi, sai ya riƙa ƙara kauri. Ba ya kuma kama wuta da sauƙi.

Ƙarfinsa ma bai kai na man ƙasa ba. Kusan kwalba biyu ta man itace ke ba da zafin kwalba ɗaya ta dizal. Ruwan da ke cikinsa dalili ne guda. Dalili na biyu, akwai wata iska da masu ilmi ke kira oksijin, ita ce ke rura wuta. Fetur ba shi da ita a jikinsa, sai ya haɗu da ita a waje ya kama da ƙarfi. Man itace kuwa ya riga ya ɗauke ta da yawa a jikinsa, ya zama kamar abin da ya fara ƙonewa. Kafin ya zama man mota sai an cire masa ita a babbar matata, aikin kuwa yana cin kuɗi.

Domin haka, duk wanda ya zuba man itace a babur ko injin ban-ruwa ya kashe injinsa. Ba ya yi a fitila, ba ya yi a risho. Amfaninsa a manyan murahun ma'aikatu ya ke. A Amurka kuma tun 1989 ana tace wani sashe nasa a sa wa nama, ya ba shi ƙamshin banda.

MU YI LISSAFI

A ma'aikata mai kyau, busasshen itace kilo 100 ya kan ba da mai wajen kilo 70. Wannan ya kusa lita 60. Zafin da ke cikin lita 60 ɗin nan daidai ya ke da na dizal lita 30 da 'yan kai. Ku tuna kuma ɗanyen itace rabinsa ruwa ne. Ke nan sai an saro ɗanye wajen kilo 200, nauyin buhun gero biyu manya, kafin a sami abin da ya ɗara jarkar dizal ɗaya kaɗan. Ba a sa kuɗin busarwa ba, da niƙa, da ɗauko itacen, da ginin ma'aikatar.

Har wa yau, zafin da ke cikin man bai kai wanda ke cikin itacen tun farko ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi wurin aikin. To, me ya sa a ke wahalar yinsa? Don sauƙin ɗauka da ajiya ne. Garin katako ba shi da nauyi, amma yana cin wuri. Mota guda ta mai tana ɗauke da zafin da sai motoci da yawa na garin katako za su ɗauka. Mai kuma ya kan bi bututu, a buɗe a rufe yadda a ke so.

Yanzu mu auna cikin ma'aikatar Hengelo. Tan ɗaya kilo 1,000 ne, watau buhu 10 mai kilo ɗari ɗari. Tan 5 buhu 50 ke nan ko wace awa. A kwana ɗaya akwai awa 24. In kun ninka 50 sau 24 za ku sami 1,200. Nauyin buhu 1,200 na busasshen itace ko wace rana ta Allah. In ta yi aiki kwana 300 a shekara, buhu 360,000 ke nan. Ku tambayi kanku, daga Isa zuwa Sabon Birni, wane daji ne zai ciyar da wannan ko da shekara ɗaya?

WAƊANDA BA SU YI LISSAFI BA

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1944 da 1945, mai ya yanke wa ƙasar Japan. Hukuma ta ce a tono saiwar wani itace mai ƙaro a dafa, a sami man jirgin sama. Aka gaya wa mutane wai saiwa 200 za ta riƙe jirgi a sama awa ɗaya. Aka fito da tsofaffi da 'yan makaranta, suka hau duwatsu suna tono. Aka kafa tukwane fiye da 30,000 a faɗin ƙasar. An sami mai kam, amma ɗan kaɗan ƙwarai aka iya tacewa ya kai na jirgi. Yaƙi ya ƙare a watan Agusta 1945, an bar duwatsu da yawa tsirara, wahala ta tafi a banza.

A Amurka ma wani kamfani mai suna KiOR ya gina ma'aikata a jihar Misisipi don ya mai da itace man mota. An kashe dala fiye da miliyan 200. Ta fara aiki a 2012. Man da ta ke bayarwa bai kai abin da aka yi alkawari ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A 2014 aiki ya tsaya, kamfanin ya karye.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Inda abin ya yi kyau, kamar Holan da Suwidin, ba a sare itace don mai. Ragowar katako a ke amfani da ita, wadda ta riga ta taru wuri ɗaya. Suwidin kuwa wajen kashi biyu cikin uku na ƙasarta kurmi ne.

MU FA?

Mu ba haka ƙasarmu ta ke ba. Damina a wurinmu wata huɗu ce, wani lokaci ba ta kai ba. Itace ya kan daɗe kafin ya girma. Ku tambayi dattawan garinku inda a ke samun ƙirya da marke suna yara, da inda a ke samunsu yau. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 da gwamnati ta sa a aikin shingen itatuwa na tare hamada, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. Tun wajen 2019 kuma, da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, shiga daji neman itace ya zama kasada. Itacen da ke tsaye a gonarka ya ƙara daraja ke nan.

Wani zai ce, to, a yi man da kara da ƙaiƙayi mana. Ana iya yi. Amma kara a wurinmu ba shara ba ne. Dabbobi suna ci, ana darni da shi, wanda aka bari a gona kuma yana tare ƙasa kada iska ta kwashe ta. Buntun shinkafa ne ke taruwa a bakin inji babu mai so, shi kuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ne, mansa bai kai na itace ba.

Duk da haka ilmin nan yana da amfani gare mu tun yau. Mun gane cewa hayaƙi makamashi ne wanda bai ƙone ba. Duk hayaƙin da ya tashi daga murhunka, itacen da ka wahala ka samo ne ke tafiya. Murhun duwatsu uku, daga zafi kashi 100, wajen 10 zuwa 15 kaɗai ke shiga tukunya. Man da mu ka gani a rufin ɗaki kuwa, irinsa ke shiga ƙirjin uwargida da ɗan da ta goya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 a duniya. Ga abin da za mu iya yi.

A busar da itace sarai kafin a sa a wuta, a faskara shi ƙanana. A yi girki inda iska ke ratsawa, a rufe tukunya.

A gina murhun laka mai kewaye tukunya, mai ƙofa ɗaya. Yana tsare zafi, hayaƙi ya ƙone a ciki, itace ya yi auki. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta yi aiki a kan irin waɗannan murahu.

Mai yin gawayi ya bar itacensa ya bushe, ya jera shi a matse. A ƙasar Sanigal ana kafa wa ramin bututun hayaƙi na tsofaffin ganguna a gefe. Wuta ta kan ci daidai, gawayi ya kan kai kilo 25 daga kilo 100, kwalta kuma ta taru a gindin bututun. Ana shafa ta a gindin dirka don kada ta yi saurin ruɓewa.

Babban abu kuma, a raya itace a gona. Wannan ba sai mun je Turai koyo ba. 'Yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi, tsallaken iyaka, su ne malamansa. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa ko wace shekara da ransu, saiwarsu tana nan a ƙasa. Manoman Maraɗi suka ɗauki dabarar, suka sa mata suna sassabin zamani. In ka zo sharar gona, kada ka sare tohon sabara da kalgo da gawo duka. Ka zaɓi masu ƙarfi a ko wane kututture, daga ɗaya zuwa biyar, ka sassabe saura, ka rage wa waɗanda ka bari ƙananan rassa na ƙasa. Da ya ke tsohuwar saiwa ke ciyar da su, su kan girma da sauri fiye da dashe. Bayan 'yan shekaru ka riƙa yanke ɗaya kana barin sabon toho a madadinsa. Da wannan dabara aka raya itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin Nijar, yawancinsu a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Gawo kuwa kun san halinsa: da damina ya ke zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, gindinsa kuma ya fi ko ina albarka.

In wata rana wani ya zo garinku ya ce zai sayi itatuwa don yin mai, ko ya ce yana da injin da zai ba ku man babur daga itace, kada ku yi gaggawa. Ku tambaye shi kilo nawa zai ci a rana, daga ina za a samo, wa zai raya madadinsa, wane inji ne kuma zai sha man. Ku rubuta amsarsa, ku ninka da kanku yadda mu ka yi a sama. Sa'an nan ku kai maganar wurin mai gari da malamin daji. Amfanin karatu da lissafi ke nan. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

TAMBAYOYI

1. Me ke kamawa in an hura wuta, itacen ko hayaƙinsa?
2. Waɗanne abubuwa uku a ke samu in an dafa itace a rufe?
3. Don me a ke sa yashi a tukunyar ma'aikata?
4. Me zai sami injin ban-ruwa in an zuba masa man itace?
5. In ma'aikata tana cin buhu 50 a awa, buhu nawa za ta ci a kwana 7?
6. Ƙirga kututture masu rai da ke gonarka, ka rubuta sunan ko wane iri, ka kawo aji.